Garken Sajo Ya Shiga Kasuwa

Tayyiba ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Gagarawa, amma gidanta a Gumel yake, bayan kasuwar hatsi. Kullum a motar haya take tafiya, a ita take dawowa. 'Ya'yanta uku, mijinta Abdurra'uf kuma ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ban da aikin asibiti da hidimar gida, abu ɗaya take yi wanda ba wanda ya sa ta, shi ne rubuta labari a waya.

Abin ya samo asali tun tana yarinya. A lokacin akwai wani wasan kwaikwayo da ake sawa a rediyo da yamma, sunansa Garken Sajo. Labarin wani makiyayi ne da fari ya tarwatsa masa shanu, wasu suka bi wani garke suka tsallaka iyaka, shi da ƙanwarsa Kumbo suka bi sawu gari-gari suna cigiya. In aka fara wasan, mahaifiyar Tayyiba ba ta yarda ko tari a yi mata. Tana tuƙa tuwo, rediyon na rataye a jikin rumfa. Sai rana ɗaya aka daina sawa, ba sanarwa ba bayani. An bar Sajo a bakin wata rijiya, ya jiyo kukan saniyar da ya sani daga bayan tudu, shi ke nan. Har tsohuwar ta rasu tana cewa ita dai da ta san ko ya same su.

Tayyiba na zaman jego na uku ta fara. Ta ɗauko Sajo daga bakin rijiyar nan ta haurar da shi tudun. Ta tura wa ƙawarta Safara'u don su yi dariya kawai, ita kuma Safara'u ba ta yi shawara da kowa ba ta zuba shi a guruf ɗin WhatsApp na matan unguwa. Kafin a yi arba'in, mutanen da Tayyiba ba ta taɓa gani ba suna aiko mata da saƙo. Wani tsohon malamin makaranta daga Sule Tankarkar ya ce ta dawo masa da ƙuruciyarsa. Wata mata ta ce ita take karanta wa surukarta. Sai aka buɗe guruf na labarin shi kaɗai, Safara'u ce mai kula da shi.

A saman kowane kashi Tayyiba takan rubuta magana iri ɗaya: asalin labarin na Malam Cindo ne, wanda ya rubuta wasan rediyon, ita ci gaba kawai take yi don ƙauna, kyauta ne, kada a sayar. Ba ta san Malam Cindo ba, sunansa kawai ta riƙe daga bakin mai sanarwa. Ba ta ma san ko yana raye ba.

Haka ta shekara biyu da wani abu. Yawanci a mota take rubutawa, a matse tsakanin buhun gero da cinyar wata, da babban yatsa ɗaya. Wani makon ta yi kashi biyu, wani watan ko ɗaya, in haihuwa ta yi yawa a asibiti. Masu karatu su yi ta ƙorafi, ta ba su haƙuri.

Wata ranar awo, layin masu ciki ya kai har bakin ƙofa, sai ta jiyo sarewa daga wayar wata mata da ke zaune a benci. Muryar namiji ta biyo baya, mai kauri, da amsa-kuwwa: "Yazid Maigatari ke gabatar muku da Hawayen Makiyayi." Ba ta kula ba, tana ɗaura wa wata abin awon jini a hannu. Sai ta ji mai karatun ya ce Kumbo ta kwance bakin zanenta ta fito da ragowar kanwa ta miƙa wa yayanta. Hannun Tayyiba ya tsaya. Ta san inda ta rubuta wannan. A daidai kwanar shiga Gagarawa ne, ranar da tayar motarsu ta fashe.

Da layi ya zo kan matar, Tayyiba ta ce, "Baiwar Allah, a ina kika samu wannan labarin?"

"Maigidana ne ya sayo a Maigatari, a memori aka zuba masa. Ke ma kina ji? Ai har Damagaram ana jin sa. Yaron nan Yazid Allah ya yi masa baiwa."

"Hau gado in duba ki," in ji Tayyiba.

Da ta koma gida ta kira Safara'u, ashe ita ma tana neman ta. Wasu a guruf sun fara magana. Sun ga labarin a wata tasha a YouTube, an cire bayanin da take sawa a sama, an canja suna. Wata har ta rubuta cewa dama ta san ƙarshen abin ke nan, a ce kyauta ne har a tara mutane, sannan a kai kasuwa ta bayan gida.

"Na cire ta daga guruf ɗin," in ji Safara'u.

"Mayar da ita. Ba laifinta ba ne."

Abdurra'uf ya saurare ta yana cin tuwo, bai katse ta ba. Bayan kwana biyu ya dawo da amsa daga wani abokinsa lauya da suke salla masallaci ɗaya. Ya zauna a bakin gado ya cire hula.

"Ya ce maganar tana da wuya, Maman Hussaini. Kalmomin naki ne, wannan ba musu. Amma Sajo da Kumbo da sunan wasan ba naki ba ne, kuma ba ki nemi izini ba kafin ki fara. Ya ce kamar wanda ya yi gini a filin da ba nasa ba ne, wani ya zo ya zuba 'yan haya. In kin kai ƙara, tambayar farko da za a yi miki ita ce takardar filin."

"To ni ba haya na zuba ba."

"Na faɗa masa. Ya ce haƙƙin mallaka bai cika duba niyya ba. Ya ce in mai asalin abin zai tsaya miki, da sauƙi."

Ya ce, "Ko ki bar shi da Allah?"

Ba ta bar shi ba. Ranar Alhamis ta nemi wata ta riƙe mata aiki, ta hau motar Maigatari. Ranar kasuwa ce, tun daga nesa manyan motoci sun toshe hanya, dole suka sauka suka ƙarasa a ƙafa ta tsakanin shanu da raƙuma da 'yan acaɓa. Ba ta sha wahalar neman shagon ba, lasifikarsa ce ta kai ta. Kwantena ce an yi mata fenti shuɗi, wayoyi jere a kan allo suna caji, direbobi tsaye suna jiran a zuba musu abin ji a hanya. Wani mutumin Nijar yana cewa a cika masa, babbar motarsa sai Agadas.

Yazid bai kai yadda ta zata ba. Siriri ne, zai yi shekara talatin, idanunsa sun yi ja. Da ta faɗi sunanta sai ya miƙe tsaye, ya kore wani daga kan kujera ya ba ta.

"Hajiya, ke ce? Wallahi na daɗe ina son ganinki. A kawo mata ruwa mai sanyi."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Wa ya ba ka izinin sayar da labarina?"

Ya koma ya zauna. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna mata wani ɗan ɗaki a bayan kwantenar, an manna katifu a bango, da makirfo a tsaye.

"Hajiya, ni ba rubutunki nake sayarwa ba. Rubutunki yana nan a guruf, duk mai so ya karanta. Ni murya nake sayarwa. Mai karantawa ina biyansa, mai sarewa ina biyansa, janareta ba ruwa yake sha ba. Dubi mutanen nan. Wa kika ga zai zauna ya karanta rubutu a waya? Direbobi ne, da mata a ruga, da tsofaffi. Da ban kai musu ba, har abada ba za su ji shi ba."

"Na rubuta a sama kada a sayar."

"Na gani."

"Ka cire sunana, ka cire na Malam Cindo, ka sa naka."

"Wannan kam kuskure ne, zan gyara." Ya murza ido. "Amma bari in tambaye ki, ba don raini ba. Ke da kika ɗauko Sajo, wa kika tambaya?"

Amsar da ta zo mata ita ce ita ba ta ci ko sisi ba, amma ta riga ta ji yadda wannan amsar ta ƙare a wajen lauya.

Yazid ya matso da kujerarsa. Ya ce akwai hanya mai sauƙi. Ta riƙa ba shi sabon kashi kafin ta sa a guruf, shi kuma ya riƙa fitar mata da rabonta duk wata. Ya ce wasu marubutan ma su suke kawo masa da kansu.

"Na yi wa mutane alkawari kyauta ne."

"To Hajiya, me kike so in yi? In na daina yau, gobe mai shagon can zai ɗauka. Ya ma riga ya kwafe nawa yana sayarwa, ban iya hana shi ba."

Ta tashi. Ruwan da aka kawo yana nan a ƙasa ba ta taɓa ba. A mota ta tarar ƙafafunta sun kumbura, ga warin shanu ya kama mata mayafi.

Safara'u ce ta samo labarin Malam Cindo ta wajen wata 'yar uwarta da ke aure a Ɗanzomo. Yana raye. Ranar wata Asabar Abdurra'uf ya ɗauke ta a babur suka tafi. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo a gefen hanya, wani wurin sai ta sauka ya tura babur ɗin cikin taɓo.

Sun same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ƙarƙashin darbejiya, wani dogon tsoho da farin gemu, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. 'Yarsa Ummulkhair, wadda ke kula da shi, ta kawo musu fura da nono a ƙwarya. Tayyiba ta durƙusa ta gaishe shi, aka tambayi gida da yara da ruwa. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, tun daga rediyon mahaifiyarta har kwantenar Yazid. Ya saurara kansa a sunkuye.

"Ashe ke ce," ya ce. "Na ji shi. Ummulkhair ta kunna mini a waya. Na zaci mutanen rediyo ne suka tono shi suka ba wani."

"Baffa, ku yafe mini. Da na san kuna nan da na zo tun farko."

"Da kin zo ma ba ni da abin ba ki. Takarda na sa wa hannu tun ranar da na fara, duk abin da na rubuta na gidan rediyo ne. Waɗanda muka yi da su, wasu sun rasu, wasu sun yi ritaya. Kaset-kaset ɗin ma na ji an ɗauki wasu shirye-shiryen a kansu." Ya shafa tabarma yana neman carbinsa, Ummulkhair ta miƙa masa. "Kuma Sajo ai ba ni na yi shi ba. Kawuna ne. Shekarar fari shanunsa suka watse, ya bi su har ƙafarsa ta lalace. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin, har mutane suka gaji da ji. Ni na kai shi rediyo."

"Ya same su?"

"Ina fa. Gadi ya ƙare yana yi a kasuwar Gumel."

Tayyiba ta dubi mijinta. Shi yana kallon ƙasa.

"To ku yaya kuka so ku ƙarasa shi, Baffa?"

Tsohon ya yi 'yar dariya. "Ban sani ba, 'yar nan. Masu ɗaukar nauyin shirin suna so ya samu shanunsa, ni kuma na san bai samu ba. Na kai shi bakin rijiya na rasa yadda zan yi da shi. Ranar da aka ce mini kuɗin shirin ya ƙare, barci na yi mai daɗi."

Abdurra'uf ya gyara murya, ya kawo maganar lauya cikin ladabi, ko Malam zai yarda a rubuta wani abu da sunansa a kai wa mai shagon, ko a je gaban hukuma. Malam Cindo ya girgiza kai tun kafin ya gama.

"Ɗana, ni da ban ga tafin hannuna ba, ina ni ina kotu? Ku bar yaro ya ci abinci. Ba don ya yi daidai ba. Na gaji ne kawai." Ya juyo da fuska wajen Tayyiba. "Abu ɗaya ne ban ji daɗinsa ba. Kin sa Sajo ya yi kuka a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo. Kawuna ko a gaban matarsa bai yi ba."

"Ban sani ba, Baffa."

"Ina za ki sani."

Ta tambaye shi ko ta ci gaba ko ta bari. Ya ce shi bai sa ta ba, ba kuma zai hana ta ba. Daga nan ya ce ya ji an ce ita ma'aikaciyar asibiti ce, ko wannan yanar tana da magani? Sauran zaman duk a kan ido aka yi shi. Ta gaya wa Ummulkhair aiki ake yi, ba ya daɗewa, ta ba ta lambarta. Tsohon ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido.

Bayan dawowarsu Tayyiba ta kasa rubutu. Ta buɗe waya a mota, ta rubuta layi ɗaya, sai ta ji shi a kunnenta da muryar nan mai amsa-kuwwa, da sarewa a baya. Ta goge. Masu karatu suka yi ta tambaya, Safara'u tana ce musu aiki ne ya yi mata yawa, wanda kuma ba ƙarya ba ne. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo, ba sabon kashi.

Yazid bai jira ta ba. Da ya ga abin ya tsaya, ya samo wani ya ƙarasa masa. Safara'u ce ta turo mata, ta ce ta daure ta ji. A nasu ƙarshen, Sajo ya gano ɓarayi ne suka kore shanun, ya yi faɗa da su shi kaɗai a daji, ya ƙwato garkensa har da ƙari, wani attajiri ya ba shi 'yarsa, Kumbo ta auri soja. Kuma Yazid ya cika alkawarin gyaran da ya yi. A farkon wannan kashin na ƙarshe, mai karatun ya ce, "Labarin Malam Cindo, rubutawar Hajiya Tayyiba Gumel."

Ta kira shi. Ya ce shi ya zaci zai faranta mata ne, ba ita ta ce a sa sunanta ba? Ta ce a kan abin da ta rubuta, ba a kan wannan ba. Ya ce zai cire a tasharsa, amma waɗanda suka riga suka tafi a memori sai dai haƙuri, sun kai inda shi ma bai taɓa zuwa ba.

Haushin wannan ne ya sa ta zauna ta ƙarasa nata. Ta kai Sajo wani ƙauye inda ya tarar da saniya ɗaya daga cikin nasa, ta tsufa, tana hannun wata bazawara da ke shayar da marayu da nononta. Ya tsaya ya dube ta, ya shafa wuyanta, ya nemi ruwa ya sha, ya ce wa Kumbo su tafi gida. Bai yi kuka ba. Ta sa a guruf da bayaninta na kullum a sama.

Tsohon malamin nan na Sule Tankarkar ya aiko da addu'a doguwa. Wasu 'yan kaɗan suka yi godiya. Wata yarinya ta rubuta, "Anti, ai ba haka ya ƙare ba, mu mun riga mun ji na gaskiyar." Safara'u ta hau ta da faɗa, wasu suka shigar wa yarinyar, aka wuni ana cacar baki. Tayyiba ta rufe data ta shiga ɗakin haihuwa.

A wani taron suna a unguwarsu, wata dattijuwa ta riƙo hannunta a bakin murhu, ta ce an nuna mata ita, ita ce mai labarin makiyayi. Ta ce wurin da ya kori ɓarayin nan har guɗa ta yi. Tayyiba ta fara cewa, "Ai Inna, wannan wurin..." sai ta hango tsawon bayanin, ga tukunya na jira a sauke. Ta ce, "Na gode, Inna. Allah ya bar zumunci."

Da zafi ya fara, Ummulkhair ta kira ta. Baffa ya faɗi a bakin ƙofa ya gurje gwiwa, yanzu ya yarda a yi masa aikin. Tayyiba ta nema musu rana a asibiti a Gumel, ta gyara musu ɗakin yara suka sauka a gidanta. Ita take ɗiga masa magani in ta dawo daga aiki, tun kafin ta cire takalmi. Yakan yi hira da Abdurra'uf a kan taki da tsadar dusa. Bai tambaye ta yadda ta ƙarasa labarin ba, ita ma ba ta tayar da maganar ba.

Ranar da aka cire masa bandeji, suna zaune a barandar asibiti, ya daɗe yana kallon bishiyoyi da masu wucewa. Sannan ya juyo ya ƙura mata ido.

"Ke ce Tayyiba?"

"Ni ce, Baffa."

"Ikon Allah. Da muryarki na zaci kin fi haka tsufa."

"Saura kaɗan, Baffa," ta ce. Ta miƙe ta je nemo musu adaidaita.